Gyaran Oga Okechukwu

Duk wanda ya koyi ƙwallon kwando a filin da ke bayan wata coci a Makera, da jifansa ake gane shi. Ƙwallonsu ba ta tafiya kai tsaye, sai ta yi sama tukun, har ka ce ta manta hanya, sannan ta faɗo cikin zobe. Mutum ɗaya ne ya jawo haka, Oga Okechukwu mai walda. Sa'ad da dattawan coci suka ba shi aikin kafa ƙarfen, ce masa aka yi tsawon zobe daga ƙasa ƙafa goma ne. Shi kuwa tun da ya buɗe shago a Kakuri bai taɓa sallamar mai ciniki ba tare da gyara ba. Mai tumatir ma tana ɗora biyu a kan kashi, shi ne zai ba gidan Allah ƙarfe cif-cif? Ya ƙara taƙi guda, ya liƙe, ya tafi gida yana jin ya yi abin kirki.

A ƙarƙashin wannan zobe Hadassah ta tashi. Gajera ce a ma'aunin 'yan kwando, amma bakinta da hannunta ba su san haka ba. Ranar da ta fara zuwa gwaji a fili na gaske, duk jifanta sai ya wuce zobe ya bugi allo, 'yan mata suka yi ta dariya. Ta rage ƙarfin hannu, amma hawan nan na Makera bai bar ta ba, kuma shi ya ciyar da ita. Ta buga wa wani kulob a Kaduna, daga nan Legas, sai Luanda, sai Tunis. Dogayen mata masu tsaron kwando sun tsane ta ƙwarai, don za su yi tsalle iya tsallensu, ƙwallo ta bi ta saman yatsunsu ko gaisuwa babu.

Sai gwiwa ta ci amanarta. Aka yi mata aiki, ta dawo gidan mahaifiyarta a Barnawa, ta warke, ta koma tsohon kulob ɗinta neman riga. Ba ta son ta gama wasa a gadon asibitin wata ƙasa, a Kaduna take son gamawa, a cikin fili, da ƙafarta. Amma jifan ya mutu. Tsoron gwiwa ya sa ta daina tunkuɗa ƙasa da ƙafa, ƙwallon ta koma tafiya a kwance. Wata sabuwar 'yar wasa mai suna Becky, doguwa kamar falwaya, ta riƙa kaɗe mata ƙwallon a atisaye tana cewa, "Sorry, Anti."

Wannan "Anti" ta fi ciwon gwiwar zafi.

Koci Lawal, mai horar da kulob ɗin, ya kira ta gefe. "Hadassah, ba zan yi miki ƙarya ba. Ranar Asabar akwai wasan gwaji, Becky ce za ta tsare ki. In kin wuce ta, riga taki ce. In ba haka ba, ina neman mataimakiya, ga usur nan."

"Koci, ajiye usur ɗinka," in ji ta. "Lamba tara nake sawa, ka sa a wanke ta."

Washegari da safe ta hau keke napep zuwa Makera. Tana shiga filin ta ja ta tsaya. An yi wa ƙarfen sabon fenti, an sa raga fara fat, amma zoben ya sauko. Ga Oga Okechukwu nan gefe, kansa ya yi furfura, yana murmushi har kunne.

"'Yata! Kin gani? Wani malamin wasanni ne ya zo da tef ya auna, ya ce tun farko na yi over. Kunya ta kama ni, I swear. Da na ji kin dawo na ce champion ba za ta zo ta tarar da shirme ba. Na yanke, na daidaita. Yanzu correct ne, irin na Turai."

"Baba, ina guntun da ka yanke?"

"Yana shago. Me za ki yi da shi?"

"Mayar da shi za ka yi."

Tsohon ya ɓata rai da gaske. "Ni, Okechukwu, in yi kuskure da gangan? Abeg, kar ki zubar min da mutunci a unguwa."

"Baba, zobe correct na gan shi a ƙasashe da yawa, kowa yana da shi. Naka ne babu a ko'ina. Wannan na yanzu ko da hannu kaɗai zan iya jefawa, gwiwa ta yi ta barcinta. Naka ba ya karɓar ha'inci, in ba ka tashi da ƙafa ba ƙwallo ba za ta kai ba. Shi na zo nema."

Ya dube ta, ya dubi ƙarfen, ya yi tsaki, ya tafi ɗauko injin walda. Yana aiki yana mita har ya gama, amma da ta lura sai ta ga bai rage ko ɗan yatsa daga tsohon tsawon ba.

Ranar farko ƙwallonta ko leɓen zobe ba ta taɓa ba. Ta ji tsoro, ba ta ɓoye wa kanta ba, don duk tashin da za ta yi sai ta tuna ƙarar da gwiwar ta yi a Tunis. Amma zoben bai tausaya mata ba, ita ma ba ta nemi tausayi ba. Kullum da safe tana nan, matan da ke wucewa kasuwa suna yi mata sannu. Ana nan sai gwiwar ta gaji da gardama ta lanƙwasa, ta tunkuɗa, ƙwallo ta yi sama, raga ta motsa.

Ranar Asabar zauren wasa ya ɗan cika, don labari ya zaga. Oga Okechukwu ya zo da rigarsa ta zuwa coci ya zauna a layin gaba. Da aka miƙo wa Hadassah ƙwallo a gefen dama, Becky ta taso mata da hannuwa a sama, ta rufe mata ko'ina. Hadassah ta durƙusa kaɗan, ta tashi, ta saki. Becky ta yi tsallen da duk zauren ya ce kai, yatsunta suka kamo iska. Ƙwallon ta hau, ta ƙara hawa, sannan ta sauko tsakiyar raga ko zoben ba ta taɓa ba.

"Sorry, ƙanwata," in ji Hadassah, tana komawa baya da gudu.

Ta sake yi, ta kuma sake yi, har Koci Lawal ya daina kallon agogo ya aika a ɗauko riga mai lamba tara. Da ya cilla mata, ta cafe da hannu ɗaya, sai ta jiyo wata murya da ta fi ta kowa ƙarfi. Oga Okechukwu ne a tsaye, yana jan hannun wani baƙo da bai taɓa gani ba, yana nuna masa sama.

"Ka ga wannan hawan da ƙwallon ta yi? Ƙafa goma nata ne. Abin da ya hau kai, gyarana ne!"