Motar da Ba Ta Sallama

Tsohuwar motar Rohaya ta gama yi, kowa a ƙauyenmu ya san haka in ban da ita motar. Da safe sai an lallaɓa ta kafin ta tashi. In ta tashi kuma sai ta yi tari, ta turnuƙe ƙarƙashin gidan, wanda ke tsaye a kan ginshiƙan katako, da hayaƙi har kaji su watse. Bakaniken bakin titi ma ya gaji, ya ce mata, "Malama, ni fa na fara jin kunyar ganinki. Ki nemi wata kawai."

Rohaya tana koyarwa ne a wata sakandare a birnin Alor Setar, a jiharmu ta Kedah. Tun shekarar da ciwon sukari ya tafi da idon mahaifiyarta ta tattaro kayanta ta dawo gida, kullum ta tafi birni da safe ta dawo bayan la'asar. Daga titin kwalta sai ta gangaro turbar da ta ratsa fadamun shinkafa, ta haye gadar katako, ta zagaye kurmin ayaba, sai gida. Kuma duk ranar duniya, kafin ta kashe mota, mahaifiyar, wadda suke kira Mak, tana zaune a matakalar gida da kofi mai madara yana tururi a gefenta. Rohaya ta saba da abin har ba ta taɓa tambayar kanta yadda makauniya ke daidaita lokaci haka ba.

To, ta samu motar da ranta yake so a wajen wani dillali mai suna Teoh. Ta hannu ce, amma fes take, irin masu ruwa biyun nan, rabi fetur rabi batir, waɗanda ake cewa lasar mai kawai suke yi. Abu ɗaya ya rage. Rohaya ko tukunyar dafa shinkafa ba ta taɓa saya ba sai Mak ta sa albarka, balle abin da zai riƙa ɗaukar ranta kullum a kan titi.

Da ta kawo maganar, Mak ta ci gaba da tsinke barkono a faranti. Can ta ce, "Yadda kika gani."

Wanda bai san mutanenmu ba zai ce ai an ba ta izini. Ina! Tsohuwar Kedah in ta yarda cewa take Allah ya sa alheri. In ta ce yadda kika gani, to ta rufe ƙofa ne a hankali don kada ki ji ƙara. Rohaya ta sake gwadawa bayan kwana biyu, ta sake samun amsar nan, ko wasali bai canza ba.

Ta san wanda za ta ɗora wa laifi. Yayanta Fadzil, wanda duk gidan ke kira Along saboda shi ne babba, yana zaune a Kuala Lumpur, kuma ba shi da aiki sai tura bidiyo a zauren hirar dangi na waya. Yau mota ta kama da wuta bayan ambaliya, gobe wata an ce birkinta ya ƙi ci, jibi wani mai gemu yana bayani a kan batir kamar shi ya ƙera shi. Mak ba ta gani, amma jikoki na kunna mata in sun zo, kuma rediyonta ba ya mutuwa.

Rohaya ta kira shi tana huci.

"Along, ka ji daɗi. Ka tsorata tsohuwa."

"Ni? Gaskiya na faɗa. Garinmu da ruwa ke shiga har ɗaki duk damina, za ki ajiye batir kamar katifa a ƙarƙashin gidan katako?"

"In ruwa ya taso ina kowa yake kai motarsa? Ba tudun masallaci ba? Ni ma can zan kai."

"To birkin fa?"

"Kai da ka shiga bayan motar kifi da birki lafiyayye, kai ne za ka yi min wa'azin birki?"

Ya yi dariya, ya ce wancan laifin mai kifin ne. Amma kafin ya ajiye waya muryarsa ta sauka. "Aya, ke kaɗai ce a wajenta. In wani abu ya same ki, ya za mu yi? Shi ne kawai."

Wannan ta shige ta, don ta san ba ƙarya ya yi ba. Ita kanta bidiyon nan sun hana ta sukuni. Sai ta koma wajen Teoh ta tsare shi da tambayoyi kamar mai jarrabawar baka. Bawan Allah bai ƙosa ba. Ya ɗaga kujerar baya ya nuna mata inda batirin yake, ya ce kamfanin da ya ƙera ta ya taɓa kiran irinta aka duba birki kuma wannan ta je, ya ce ta kai wa duk bakaniken da ta yarda da shi. Ya kuma gaya mata ba ɓoye-ɓoye cewa in ruwa ya kai rabin taya kada ta kuskura ta shiga, wannan ko wata.

"Malama, ni ma ina da uwa, kuma ta fi taki rigima," in ji shi. "Ɗauki makulli ki kai mata. Ta taɓa, ta zauna a ciki. In ta ce a'a ki dawo min da abata gobe, ba faɗa."

Haka aka yi. Rohaya ta bar akwalarta a wajensa ta kamo hanya, ranta fari ƙal. Hadari ya fara haɗuwa ta wajen teku. Da ta gangaro turbar fadama ta rage gudu, sai injin ya ɗauke da kansa, motar ta koma kan batir. Shiru. Har kukan kwaɗi take ji da motsin ganyen shinkafa. Ta haye gadar katako tana tsara abin da za ta ce: ga takardar duba birki, ga maganar tudun masallaci, ga abin da Teoh ya faɗa.

Ta zagayo kurmin ayaba ta shigo tsakar gida.

Mak tana tsakiyar fili, ta ba da baya, ta sunkuya tana lalubar farantan busasshen kifin da ta shanya, don ta ji ƙamshin ruwa. Ta ɗago da faranti a hannu, ta ja da baya taku ɗaya, ta ƙara wani, kai tsaye zuwa gaban motar.

Rohaya ta taka birki da duk ƙarfinta. Motar ta tsaya cak, hancinta ya shafi zanen Mak. Farantin ya suɓuce, kifi ya watse a ƙasa. Tsohuwar ta miƙa hannu baya, ta taɓa ƙarfe mai ɗumi inda ta san babu komai, ta janye hannun da sauri.

"Wane ne?" ta ce. "Wane ne a nan?"

Rohaya ba ta san yadda ta fito ba. Ta dai ga kanta ta rungume uwarta tana cewa, "Ni ce, Mak, ni ce." Tsoron bugewar daban, amma abin da ya fi yi mata ciwo shi ne tambayar. Tun da aka haife ta, ba ta taɓa shigowa gidan nan uwarta ta tambaya ko wane ne ba.

Suka zauna a matakala. Babu kofi ranar, ko ruwa ba a ɗora ba. Kaji suka samu gara a kan kifin, ba wanda ya kore su.

"Ita ce wannan?" in ji Mak bayan ta dawo hayyacinta.

"Ita ce. Gobe zan mayar. Along ya yi gaskiya."

"Along bai san komai ba." Ta gyara ɗankwalinta. "Wuta? Ni da na tashi ina girki da itace a ɗakin katako, wutar rediyo ce za ta hana ni barci? Matar liman ce ta ce min ɗanta yana da irinta, wai sai dai ka gan ta a gabanka. Mota ce da ba ta sallama."

Rohaya ta juyo ta dube ta.

"Waccan taki, tun daga kwalta nake jin tarinta. In ta hau gada sai in ɗora ruwa. In ta zo ayaba na zuba madara. Aya, ni yinina ba shi da safe ba shi da yamma, duk launi ɗaya ne. Tarin motar nan shi ne agogona. Da na ji shi na san Allah ya dawo min da ke."

"Me ya sa ba ki faɗa min ba, Mak?"

"In ce me? Ki zauna da akwala tana mutuwa miki a hanya saboda tsohuwa na son jin hayaniya? Da kunya."

Rohaya ta yi makonni tana tattara amsoshi, ashe ba a ma yi mata tambayar ba. Hawaye suka zubo mata, na kunya da na godiya a haɗe, don ta san da ƙafarta ta yi jinkiri ko na ƙiftawar ido, da yanzu wani zance ake yi.

"To tashi ki kai ni in gan ta," in ji Mak. "Tunda ta zo har gida ta gaishe ni da ƙafa."

Ta zagaye motar tana shafa ta da tafin hannu, daga fitila har bayanta. Ta shiga ta zauna, ta danna kujerar, ta shaƙi iskar ciki. Aka fara yayyafi a kan gilashi.

"Ba ta warin hayaƙi," ta ce. "Birkinta kuma yana ci. Ki gaya wa Along ni ce shaida."

Rohaya ta yi dariya da hancinta a toshe.

"Hau sama," in ji Mak. "A jikin ginshiƙin da ke bayan buhun shinkafa akwai ƙusa. Ɗauko min abin da ke rataye."

Rohaya ta san abin tun kafin ta taɓa shi. Keretok ne, ƙararrawar itacen da ake ɗaura wa ɓaunar noma a wuya. Na Tompok ne, ɓaunar da mahaifinta Pak Seman ya yi huɗa da ita har zuwan injinan noma, kuma ya ƙi sayar da ita har ta mutu don kanta. Shi ya sassaƙa shi da hannunsa, kuma da ƙararsa ake sanin ya dawo daga gona. Tun rasuwarsa ba wanda ya saukar da shi. Ta busa ƙurar, ta girgiza shi kaɗan, ya ce ƙwal, ƙwal, da wata murya mai kauri da ke tafiya nesa.

"Ɗaura mata a gaba, ta ƙasa," in ji Mak. "Turbarmu ba ta rasa rami ba. Ki saya, Aya. Allah ya sa alheri, ya tsare ki a cikinta."

Kada ku so ku ga yadda zauren dangi ya kaure da Along ya samu hoton. Ya ce ƙanwarsa ta sayi ɓauna mai batir, ya tambaya ko ciyawa take ci ko caji. Da ta koma biyan kuɗi, Teoh ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar, ya daɗe yana kallo, sannan ya shiga shago ya kawo wayar ƙarfe mai ƙwari ya sake ɗaure shi yadda ba zai taɓa komai ba. Ya ce in uwarsa ta ji labari, shi ma sai ya nemo ɓauna.

Ranar da Rohaya ta fara dawowa daga makaranta da motar a matsayin tata, ta sauke gilashi tun daga kwalta. A kan titi ba a jin komai. Tana gangarowa turba, taya ta faɗa ramin farko, sai ƙwal. A kan gadar katako kuwa ya saki murya sosai, ƙwal-ƙwal, ƙwal-ƙwal, har wani tsoho da ke gyaran kunya a fadama ya miƙe yana waige-waige. Ta zagayo ayaba a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Mak tana matakala. A gefenta kofuna biyu. Ɗaya mai madara, na kullum. Ɗayan kuwa baƙi ne wuluk, a cikin tsohon kofin tangaran mai tsagaggen baki da ba wanda ya sha da shi tun rasuwar Pak Seman.

"Baƙo za mu yi, Mak?"

Tsohuwar ta yi dariya, tana goge ido da gefen ɗankwali.

"Hannuna ne ya riga ni tunani. Ina jin ta a kan gada na tashi na haɗa na babanki, sai da na zuba na tuna." Ta laluba ta kamo hannun 'yarta ta riƙe. "Na ɗauka ba zan ƙara jin ya dawo gida ba. Allah ya yi miki albarka, Aya."

Rohaya ta zauna kusa da ita. Ta tura wa Mak mai madarar, ta ɗauki baƙin da hannu biyu. Babu sukari ko ƙwaya, ɗaci kamar me, yadda mahaifinta yake shansa. Ta shanye shi tas.