Jarka a Jakar Kafinta

Ranar Litinin da ta biyo bayan Ista, Fasto Inuwa ya ɗaure jakar kayan aikinsa a bayan babur, ya bar Gaya ya nufi Ajingi yana tuƙi kamar ba ya son isa. Ran Lahadi shi fasto ne, yana da 'yar majami'a a wani ƙauye bayan gari, wadda ko kowa ya zo har da masu goyo ba ta cika. Sauran ranaku kuwa kafinta ne. Aikin da ke jiransa rufin kwanon wasu gidaje ne, shi da Malam Datti magini, dattijon da suka daɗe suna karɓar aiki tare, wannan ya ɗora bulo wancan ya rufe. Aikin bai dame shi ba. Haɗa ido da Datti yake jin nauyi.

Bana azumin da Kiristoci ke yi kafin Ista ya faɗo tare da watan Ramadan. A makon farko, ana hutun azahar a gindin darbejiya, Inuwa ya ce, don dai a yi hira, su ma sun ɗauki azumi, nasu ma na kwana arba'in ne. Gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar da aka yanke wa wutsiya. Nasa azumin shi ne ya bar nama da shayi, ya ci abinci sau ɗaya da yamma, ruwa kuwa ya sha duk sanda ƙishi ya taso. Haka aka koya musu, kuma babu laifi a ciki. A wurin Datti kuwa azumi iri ɗaya ne a duniya, daga alfijir baki ya rufe sai rana ta faɗi.

Inuwa ya buɗe baki zai ƙarasa bayani, sai ya ga Datti ya riga ya juya ga leburori yana musu faɗa, wai su dubi bawan Allah a kan kwano da tsakar rana bai taɓa cewa wayyo ba, su kuma kwaɓa siminti kaɗai ya sa suna kwanciya kamar marasa lafiya. Wani lebura mai suna Anas, wanda ya taɓa aiki a Sabon Gari, ya ce shi fa ya san Kiristoci na shan ruwa a azuminsu.

"Waɗancan ka sani," in ji Datti. "Wannan ni na san shi. Wallahi ko ɗigo ba ya sha."

Duk aka dubi Inuwa. Shi kuma ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙusa, mutane suka ɗauka tawali'u ne. Yabo yana da zaƙi, kuma fasto ma ɗan Adam ne. Ya ce a ransa gobe zai gyara maganar. To, tun ran gini tun ran zane, gobe ta zo ta tarar maganar ta riga ta bushe.

Kullum da safe matarsa Hanne takan cika masa 'yar jarka da ruwan randa, ya naɗe ta da tsumma ya tura ƙarƙashin guduma da zarto. In rana ta take, sai ya sauko daga tsani ya ɗauki jakar ya ce zai je kama ruwa. Kuma ruwan yake kamawa da gaske, a bayan gini, tsugune, yana zare ido kamar ɓarawon kaza. Ya goge baki ya dawo. Da yamma kuma Juwairiyya matar Datti ta aiko da kunun gyaɗa da ƙosai, wai Fasto ya tafi da su gida ya sha ruwa.

Duk wannan da sauƙi a kan abin da ya biyo bayan Sallah. Musulmi suka gama nasu, shi da saura. Leburori suka koma cin ɗanwake da shan ruwa a bainar jama'a, amma Datti bai koma ba. Da farko ya ce Sitta Shawwal yake yi. Da ta ƙare ya ce na Litinin da Alhamis ne. Sauran ranakun sai ya ce ba ya jin ƙishi, alhali leɓensa ya tsattsage, in ya sunkuya ɗaukar bulo sai ya dafa bango kafin ya miƙe. Kowa ya gane kara ce yake yi. Ba zai ɗaga kofi a gaban mai azumi ba, ya ce rashin tarbiyya ne. Inuwa ya roƙe shi ya sha, ya ce shi ba ya damuwa. Datti ya yi dariya ya ce tare aka hau, tare za a sauka. Ranar ma sai da Inuwa ya zagaya bayan gini. Ruwan ya wuce, amma da ƙyar.

A makon ƙarshe ya ajiye aiki ya tare a majami'a. Ya yi wa'azi mai kyau, har wata tsohuwa ta yi kuka. Ya gaya musu azumi ba don idon mutane ake yinsa ba, kuma ba a cikin majami'a ake gane wanda azumi ya gyara ba, sai ran Litinin, in an koma gona da kasuwa. Yana faɗa yana jin kunnuwansa na zafi. Hanne tana bencin gaba, ba ta ɗaga kai ba. Da suka koma gida bayan sujadar Ista, tana zuba masa miyar kaza, ta ce a hankali:

"Baban Lauratu, gobe jarkar a jaka zan sa ta, ko a hannu za ka riƙe?"

Naman da ya yi makonni yana marmari bai yi masa daɗi ba.

Da ya isa Ajingi sai ya tarar an shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya. Datti ya yanka zakara, Juwairiyya ta yi waina, ga tulun ruwa an lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Datti ya tare shi da barka da sallah, ya ce yau ta Fasto ce, ya cika kofin silba ya miƙa masa da hannu biyu, ya ce shi zai fara sha a gaban kowa.

Inuwa ya karɓa. Da a ce ya kurɓa ya yi godiya, da maganar ta mutu har abada. Ya ajiye kofin. Ya jawo jakarsa, ya fitar da guduma, ya fitar da zarto, ya kwance tsumman, ya ajiye jarkar a tsakiyar tabarma.

"Malam Datti, a namu azumin ana shan ruwa. Ni ma ina sha, kullum, a bayan ginin nan. Tun ranar farko ya kamata in faɗa maka."

Anas, wanda yau gaskiyarsa ta fito, ya kawar da kai yana kallon ƙasa. Datti ya daɗe yana duban jarkar. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da Inuwa ya ji sauƙi. Ya ce kawai a ci abinci kada ya huce. Sai da aka wanke hannu ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, ya rantse da Allah a kan abin da ba haka yake ba. Ya san malamai za su ce babu komai a kansa tunda bai sani ba, amma shi zuciyarsa ba za ta kwanta ba sai ya yi azumin kaffara, kuma gobe zai fara. Inuwa ya ce laifin nasa ne, shi ya kamata ya ɗauka. Datti ya ce bakinsa ne ya rantse.

Washegari rana ta buɗe sosai, kwano ya ɗau zafin da ba ya taɓuwa sai da tsumma. Datti yana ƙasa yana jera bulo, yana yi yana dafa bango. Da azahar Inuwa ya sauko, maƙogwaronsa kamar an zuba masa yashi. Ya tarar an ciro jarkarsa an ɗora ta a kan bulo a inuwa, inda kowa ke gani. Ya tsaya yana kallonta, bai miƙa hannu ba.

Datti bai juyo ba, yana ta shafa siminti.

"Sha mana, Fasto," ya ce. "Kai ai azuminka ya ƙare."