Katafila Mai Taya

A wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, manoma goma sha huɗu ne suke shan ruwa daga magudana ɗaya. Gonar Malam Dattijo ce ta ƙarshe. Yana da 'ya mai suna Sa'adiya, mai shekara goma sha ɗaya, da ƙane mai suna Maharazu, wanda ya yi tuƙi a kamfanin da ya haƙa magudanan. Ƙasa suna da ita, ruwa ma akwai shi daga madatsar Tiga. Abin da suka rasa shi ne abin kwashe laka. Kowace shekara laka da ciyawa sukan toshe magudanar, kafin a gama yashe ta da shebur alkamar Dattijo ta sha ƙishi.

A shekarar 1987 kamfanin ya tashi tafiya, ya sa tsofaffin ƙananan katafiloli biyu a kasuwa, ɗaya mai sarƙa, ɗaya mai taya. Manoman suka haɗa ƙarfi, amma ɗaya kaɗai za su iya saya.

Suna da wata al'ada: in ana shawara kan magudana, mai gonar ƙarshe ne yake yanke magana, domin shi ya fi kowa cutuwa in an yi kuskure. Don haka aka zuba wa Dattijo ido.

Wani tsoho, Muhammadu Sani, ya ce a ɗauki mai sarƙa, ita ce ba ta nutsewa a taɓo. Aibinta ɗaya, ba a barin ta hau kwalta, saboda haka kullum tana ƙauye. Dattijo bai san inji ba, sai ya kira ƙanensa gida. Sa'adiya tana tsintar shinkafa a gefe, tana jin su. Maharazu ya yi bayani a natse, ya ce sarƙa in ta tsinke sai an aika Legas, taya kuwa kowane mai faci a Kura zai gyara.

Dattijo ya tambaye shi, "To taɓon fa?"

"Yaya, ni zan tuƙa ta. Ka taɓa jin na kafe?"

Washegari Dattijo ya ce mai taya, kowa ya bi. Ranar da aka kawo ta, Maharazu ya ɗora Sa'adiya a cikin cokalinta ya zagaya fili da ita, ta yi kwana uku tana ba ƙawayenta labarin Baffanta.

Ran da aka fara aiki, ko rabin sa'a ba a yi ba tayoyin suka nutse a gefen magudana. Sai da aka kawo shanun huɗa aka ja ta. Maharazu ya ce a bari ƙasa ta ɗan bushe, kafin nan bari ya kai ta Kumbotso ta loda yashi a tifa, kada ta zauna banza. Ya hau kwalta ya tafi.

Mako ya wuce, wata ya wuce. Aka koma shebur. Ruwa bai iso gonar ƙarshe ba sai da alkamar ta yi ja. Mutane suka rage gaishe da Dattijo, wasu suna cewa ai da shi aka ƙulla.

Wata ranar kasuwar Kura, Sa'adiya ta raka mahaifinta sayar da albasa. Suka haɗu da Elias, direban tifa, abokin aikin Maharazu a da. Ya gaishe su da fara'a, ya ce katafilar tana can Kumbotso tana aiki kamar sabuwa.

"Ai ƙanenka mutum ne mai cika alkawari, Malam. Tun kamfani bai sa ta a kasuwa ba ya ce mana tana nan zuwa."

Dattijo ya ce, "Haka ya ce?"

"Wallahi. Har wurin ajiye ta muka share."

Dattijo ya yi masa godiya, ya sunkuya yana gyara bakin buhu, ya daɗe bai ɗago ba. A hanyar gida Sa'adiya ta tambaye shi ko Baffa kuskure ya yi. Ya ce ta kula da hanya, mota na zuwa.

A nan ta gane cewa Baffanta ya san tayoyin za su nutse, kuma ya bi ta wurin mahaifinta ne domin maganarsa ce ba wanda zai yi wa musu.