Keken da Lawwali Ya Aiko

Da hantsi Tanko direba ya tsayar da motarsa a gaban rumfar Muntaka mai gyaran keke, bakin tashar Matameye. Ya hau saman kaya ya sauko da wani ƙaton kwali ɗaure da igiya.

"Ga saƙonka daga Damagaram," in ji shi. "Wanda ya ba ni ya ce tun daga Italiya ya taso. Lawwali ne ya aiko."

Muntaka ya ajiye tayar da yake liƙi, ya goge hannu a jikin rigarsa, amma bai taɓa kwalin ba sai da motar ta tafi.

Lawwali abokinsa ne tun suna lakwal, wato makarantar boko, kuma yayan matarsa Najaha. Shekara goma sha huɗu ke nan da ya bi ta Agadas ya shiga Libiya, daga can ya haye ruwa. Ya samu aiki a shagon wani tsohon Bature mai gyaran kekuna, sai dai har yau ba shi da takardun zama, in ya fito ba zai koma ba. Haka aka binne mahaifinsa ba ya nan, aka aurar da ƴarsa ba ya nan.

A gida Muntaka ya buɗe kwalin. Keken tsere ne shuɗi, siririn taya, ƙahonsa a lanƙwashe ƙasa. Da ya gama haɗa shi sai ya ɗaga shi da yatsa biyu ya nuna wa Najaha. Fedar ce ta ɗaure masa kai: ba ta fi gidan ashana ba, babu ma inda mutum zai aza ƙafa. A can ƙasan kwalin ya tarar da hular kwano da takalma. Takalman ba sababbi ba ne, fatarsu ta yi laushi, a ƙarƙashin kowanne kuma an ɗaure wani ɗan ƙarfe da noti.

Da la'asar saƙon murya ya shigo salularsa.

"Muntaka, saurara da kyau," in ji Lawwali. "Ƙarfen takalmin nan shiga yake cikin feda. Za ka ji ƙas, to ƙafa ta kama ke nan. In za ka tsaya, kada ka ja sama, dunduniya za ka murɗa waje. Kuma tun kafin ka kama birki za ka cire. Kowa sai ya faɗi, na dai gaya maka."

Muntaka ya yi tsaki. "Ji shi fa. Shekara talatin ina cin tuwo da keke, ni zai koya wa sauka."

Najaha tana tankaɗe, ta ajiye rariyar. "Malam, sake kunna min."

Ya sake kunnawa. Ta ce ya ƙara. Ba fedar ce ta dame ta ba, ya sani. Sau huɗu suka saurara, ita da kanta a sunkuye, shi yana juya takalmin a hannu.

Duk da tsakin da ya yi, kwana biyu ya ɗauka yana gwaji a zaure, hannu ɗaya dafe da bango. Ya sa, ya murɗa, ya cire. Takalman sun ɗan yi masa yawa, ya cusa tsumma a bakinsu. Ran Laraba bayan sallar asuba ya tattare wandonsa da roba, ya kifa hular, ya ce wa Najaha zai je Kance ya gaida Inna Hawa, mahaifiyarsu ita da Lawwali.

Tsakiyar damina ce, an kwana ana ruwa. Gero ya fi mutum tsayi a gefen kwalta hagu da dama, ya fara fitar da kai. Da Muntaka ya bar gari sai ya sunkuya ya ba keken ƙarfi, nan take ya gane abin da aka yi fedar dominsa. Ƙafa ɗaya tana dannawa, ɗayar tana ja sama, babu ƙarfin da ke zubewa a banza. Iska ta cika masa riga. Ya wuce amalanken shanu, ya wuce wani ɗan kabu-kabu da ya ɗauko mata biyu da buhu, har mutumin ya yi masa oda yana ɗaga hannu.

Wannan hanyar suke bi a da. Duk ranar bikin ƙasa akan yi tseren keke daga Kance zuwa gaban ofishin kumandan a Matameye. Su kuwa kekunan dako gare su, sai su kwance kariya da fitila da madubi don a rage nauyi. Sau biyar Lawwali yana zuwa na ɗaya, sau biyar Muntaka yana binsa. Bokiti da sandar sabulu ake ba na ɗaya, na biyu a ba shi sabulu kawai. Muntaka ya fi sanin bayan Lawwali a kan fuskarsa: yadda yake karkata kafaɗar hagu a kan tudu, yadda gumi ke fara jiƙa masa riga daga tsakiyar baya, yadda yake waiwayowa yana dariya ya ce, "Taho mana, tsoho!" alhali wata uku ne tsakaninsu.

Yau ga gudun da ba su taɓa mafarkinsa ba. Muntaka ya ɗaga kai a kan tudun farko, kwalta ta miƙe fayau har inda ido ya tsaya, babu kowa a gabansa. Sai ya ji daɗin ya ragu. Ya ci gaba da tuƙi, amma bai ƙara sunkuyawa ba.

Rana ta ɗan ɗaga lokacin da ya shiga Kance ya karya kwanar unguwarsu Inna Hawa. Tun daga nesa ya hango ta a ƙofar gida, ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, da faifai a cinya tana tsinkar zogale. Yanar ido ta rufe mata gani shekara uku ke nan, inuwar mutum kawai take gani. Muntaka ya rage gudu, yana tuna wa kansa dunduniya, waje.

Sai tsohuwar ta ɗago kai. Ta ga dogon mutum sunkuye a kan keke yana tahowa da irin gudun da ba wanda ke yi a unguwar. Ta miƙe zumbur, faifan ya kife.

"Lawwali!" ta ce da ƙarfi. "Lawwali, kai ne?"

Tunda Muntaka yake a duniya bai taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ɗan fari ne, ba ta faɗar sunansa. "Wancan yaron" take cewa, ko "yayan Najaha". Yau ga shi ta kira shi sau biyu a bainar jama'a, da muryar da bai san tana da ita ba.

Ya damƙe birki biyun gaba ɗaya. Keken ya tsaya cak. Ya ja ƙafar dama sama, ta ƙi. Ya ja ta hagu, ta ƙi. Ya ɗan tsaya a haka, ba gaba ba baya, yana kallon ƙasa tana matsowa, sannan ya tafi ta gefen hagu a hankali kamar buhun da aka jingine ba daidai ba. Tim, cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, taku uku daga tabarmar surukarsa.

Hannuwansa na riƙe da ƙaho, ƙafafunsa na kan feda, tayar baya tana ta juyi. A teburin wani mai shayi da ke kusa, wani ya kasa daurewa ya fashe da dariya, sauran suka bi shi.

Shekara ashirin da auren Najaha, Muntaka bai taɓa isa gaban Inna Hawa da takalmi a ƙafa ba. Daga nesa yake tuɓewa ya durƙusa. Yau ba halin tuɓewa, ba halin durƙuso. Daga kwancen ya ce, "Ina kwana, Inna."

Tsohuwar ta tsaya da hannu a miƙe. A hankali hannun ya sauka.

"Au. Baban Sakina ne."

"Ni ne, Inna."

"To. Sannu. Ka ji ciwo?"

"Ban ji ba."

Ta ja bakin zanenta ta rufe rabin fuska, ta koma ta zauna tana laluben zogalen da ya watse. Dariyar teburin mai shayi ta mutu. Duk sun ji abin da ta kira, ba kuma wanda ya nuna ya ji.

Abdurrazak tela, maƙwabcinta, shi ya zo ya kwance maɗaurin takalman ya zare ƙafafun Muntaka, aka bar takalman rataye a jikin keke. Gwiwar hannunsa ta ɗaye, wandon ya yage. Inna ta sa aka kawo ruwa da gishiri. Yana wankewa yana ba ta labarin kwalin, kansa a ƙasa.

"Takalman nasa ne?" ta tambaya.

"Nasa ne, Inna."

"Miƙo min."

Ya murɗe ɗaya da hannu ya ba ta. Ta zare tsumman, ta zura hannu ciki tana shafawa har ƙarshe.

"Ga wurin babban yatsan nan," ta ce. "Ya kusa hudawa. Tun yana yaro haka yake cinye takalmi, ta nan yake farawa."

Ta daɗe hannunta na ciki. Muntaka ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya ciro salula ya kira Lawwali. Aka yi sa'a ya ɗauka, ana jin ƙarar ƙarafa a bayansa.

"Ka faɗi ko?" Abin da ya fara cewa ke nan.

"A ƙofar Inna."

Lawwali ya yi dariya har da tari. "Alhamdu lillahi! Ni a gaban jar wutar titi na faɗi, kusa da bas cike da mutane. Wata tsohuwa ce ta ɗaga ni tana ta faɗa da yarensu."

Aka ba Inna. Ta riƙe salular da hannu biyu. Ta tambayi lafiyarsa, ta tambayi sanyi, ta tambaya ko yana samun tuwo. Sannan ta ce, "To, yaushe?"

"Takardun sun kusa, Inna. In Allah ya yarda."

"Allah ya yarda," ta ce. Amsar da ya ba ta bara ke nan, da bara waccan.

Muntaka ya karɓa ya koma gefen katanga. "Kai, gaya min gaskiya. Me ya sa ka aiko naka? Kai me za ka hau?"



"Gwiwa ta ƙi, Muntaka. Likita ya ce in bari. Wata shida yana rataye a ɗakina ina kallonsa. Na ce gara ya je ya bi hanyar nan." Ya yi gyaran murya. "Gero ya fitar da kai?"

"Ya fara."

"Ƙasa na ƙamshi?"

"An kwana ana ruwa."

"To," in ji Lawwali. "To. Mai shago na kira."

Da zai tafi, Inna Hawa ta miƙa masa takalmin da kanta. Ta ce in ba zai takura ba, ya riƙa zuwa a kan wannan keken.

Haka aka yi. Kowace Laraba yana hanya. Ya ƙara faɗuwa sau biyu, ɗaya a gaban shingen jandarma, kafin ƙafarsa ta koyi abin da kansa ya riga ya sani. Da kaka ta yi sai ya ƙera wani ɗan maƙali a jikin ƙahon keken, ya riƙa ɗaura salula yana ɗaukar bidiyon hanyar tun daga tasha har Kance, ya tura wa Lawwali. Lawwali yakan kalla ya aiko da ƙorafi: ya yi sanyi a kan tudu, ya cika kama birki, ya daina nuna masa gonaki kawai, mutane yake son gani.

Wata ranar Alhamis saƙon ya zo gajere.

"Wane ne dattijon nan da ka wuce wajen rijiya? Mai farin gemu, yana jan akuya. Ya ɗaga maka hannu."

Muntaka ya mayar da hoton baya ya duba. Sule ne, wanda suka zauna benci ɗaya su uku a lakwal, wanda ke riƙe musu riguna ranar tsere. Ya faɗa masa.

Amsa ba ta zo ba sai washegari.

"Sule," in ji Lawwali. "In ka sake ganinsa ka tsaya. Ka gaishe min da shi da kyau."

Larabar da ta biyo Muntaka ya tarar da Sule a wurin, ya sauka ya jingine keken. Ya tambaye shi gida, da iyali, da amfanin gona, da ciwon bayan da yake fama da shi, da sunayen jikokinsa ɗaya bayan ɗaya. Gaisuwar ta yi tsawo har Sule ya saki igiyar akuyar ya dube shi ya ce, "Muntaka, lafiya dai ko?"