Sani Ne Ko Zato?

Jan biron Malam Hujja na maƙale a aljihun rigarsa sa'ad da likita ya ja shi gefe, kusa da tagar barandar asibiti.

Ɗalibai ne suka laƙa masa wannan suna. Tun gashinsa na baƙi yake koyar da falsafar Girkawan dā a jami'a, kuma duk wanda ya kuskura ya ce "ina jin" a ajinsa ya shiga uku. "Ji aikin kunne ne," zai ce. "Sani ne ko zato? Ina hujjarka?" Ƙarya kuwa, a koyarwarsa, mai yin ta take fara cutarwa. Ko a gida ba ya raga wa kowa. Matarsa ta taɓa cewa za a yi ruwa, a kwashe shanya, ya tsaya neman hujja har rigunansa suka jiƙe sharkaf. Ta daɗe tana tsokanarsa da wannan.

Yau ita ce kwance a ɗakin da ke bayansu, ta rame har zobenta na zamewa.

"Likita, me kake zato?"

"Ba zato ba ne, Malam," in ji likitan a hankali. "Ciwon ya bazu har hanta. Mun ga hoto, mun maimaita gwaji. Abin da ya rage mu rage mata raɗaɗi."

Malam ya bi maganar daki-daki yana neman ɓaraka, ya rasa. Wallahi da ɗalibi ne ya kawo hujja haka, da ya ba shi maki duka. Tsoro ya kama shi, irin wanda rabonsa da shi tun yana yaro.

Ya shiga ɗakin, ya ja kujera, ya zauna kusa da gadon.

"Kun daɗe," ta ce. "Me ya ce maka?"

"Za ki warke."

Ta ƙura masa ido, idon da ya san shi ciki da bai. Ɗan murmushi ya motsa a busasshen leɓenta.

"Sani ne ko zato?"

"Sani ne."

"To, ina hujjarka?"

Ya miƙe ya shiga gyara mata matashin da ba abin da ya same shi. Ta kama hannunsa, ta ɗora a ƙirjinta.

"Zauna, Malam," ta ce. "Yau na yafe maka hujja."