Mai Kunnen Zomo

"Umma, tsakanina da ƙayoyin nan wa kika fi so?"

Shalele ce ta jefo min tambayar, 'yata mai shekara huɗu, kuma a gaban yayar mijina. Ina tsugune bakin taga ina juya tasar tsirraina don ɗaya gefen ma ya sha rana. Yaya ta ƙyalƙyale da dariya.

"Ba ta amsa mana. Ni ma na daɗe ina son ji."

Tsohuwar tasa ce da ta huje, na shimfiɗa tsakuwa a ƙasanta, na cakuɗa yashi da ƙasa kaɗan, na dasa ƙananan murtsunguwa uku da wasu tsirrai masu kaurin ganye. Ruwa sai bayan mako biyu, shi ma da cokali. Duk gidan nan su kaɗai ne ba sa ƙwala min kira. Daga keken ɗinki sai wanki, daga wanki sai jaririn da ke haƙori, babansu kuwa direba ne, sai ƙarshen mako muke ganinsa. In na samu minti biyar, gaban tasar nake zama in yi shiru.

"Ban da wasa," in ji Yaya, ta gyara zama. "Mace da ƙananan yara, ki jera allurai daidai idonsu? Ki fitar da su, ƙanwata."

Ban yi musu ba, gaskiya ta faɗa. Amma raina bai ba ni in rabu da su duka ba. Na tuge biyun masu dogayen ƙayoyi na kai wa maƙwabciya. Na bar guda, mai faffaɗan ganye kamar kunnen zomo, jikinta duk ɗigo-ɗigon fari kamar auduga. Ban taɓa kama ta da hannu ba, da kwali na riƙe ta ranar dashe, amma a ido babu abin tsoro a jikinta. Da bakina na ce wa Shalele, "Masu cizon sun tafi. Wannan ba ruwanta."

Kwana uku bayan nan, da hantsi, ina kan keke ina haɗa hannun riga, na hango Shalele tana shafa kunnen zomon kamar mai lallashin mage. Ban ko tsayar da ɗinkin ba. Can ta fara sosa tafin hannu, ta goga a kumatu, sai kuka. Na duba, ban ga komai ba. Sai da na ɗaga hannun saitin hasken taga na gan su: ƙayoyi sirara kamar gashi, sun fi a ƙirga, tsaye cikin fata.

Na goya jaririn, na saɓa ta a kafaɗa, hannunta a sama, har kemis ɗin bakin titi.

"Kar ki murza, maman yara, kar ki wanke!" in ji mai kemis, dattijo mai tabarau. Ya yanko salatif ya manna a tafin, ya fizge, ya sake mannawa. Waɗanda suka ƙi fita ya bi su ɗaya-ɗaya da hantsaki. Mun fi awa guda, ita tana ihu, na bayana yana taya ta.

"Wa ya ce miki ba ta da ƙaya?"

"Ni na ce." Na ba shi labarin biyun da na tuge da gudar da na bari.

"To kin kori masu gaskiyar kin bar munafukar. Masu dogon ƙaya ai tun daga nesa yaro ke ja da baya." Ya nuna kumatunta da hantsakin, faɗin yatsa biyu ƙasa da ido. "Da nan sama ta goga, da yanzu kuna asibiti."

Da muka dawo na tsaya kan tasar. Na so in ceci masu kaurin ganyen, amma ƙayoyin sun zube cikin yashin, sun maƙale tsakanin ganyayyaki, ni kuma ba ni da sauran ƙarfin tsince wani abu. Na naɗe tasar da tsohon zane na kai wa mai kemis, ya ɗora can saman kanta. Bakin tagar na goge shi sau uku da jiƙaƙƙen tsumma, na jefar da tsumman.

Ke mai ƙaramin yaro, in za ki shuka irin waɗannan a ɗaki, ki ɗora su inda ko ya taka kujera ba zai kai ba. Mai farin ɗigo kamar auduga kuwa, kar ki shigo da ita gidanki sam. Kuma kar ki ce wa yaro abu ba ya cizo alhali ke ba ki taɓa shi ba.