Layi na Tamanin da Takwas

A cibiyar binciken noma Sarkin Sanyi ake ce masa, don shekara ashirin da shida ke nan yana shiga ɗakin ajiyar iri da kwat da safa, ko ana ƙwalla rana. Ambulan ɗari biyu da sha biyu ne jere a kantoci, kowacce da lambarta da irin dawar da aka karɓo hannun manoma. Wasu ko a ƙauyukan da aka samo su yanzu babu.

Wata Litinin Dakta, shugabar cibiyar, ta kira shi ofis.

"Malam, masu ba mu tallafi sun sauya sheƙa. Yanzu manhajar waya suke so, mai gaya wa manomi ranar ruwa. Ƙarshen wata za a kashe na'urar sanyi."

"Ranki ya daɗe, in wayar ta ce gobe ruwa, me zai shuka?"

Ta cire tabarau ta murza ido.

"To a ba ni izini in fita da irin a shuka," ya ce. "Shekara uku ke nan da wucewar lokacin sabunta shi. Tsohon iri ba ya jure zafi."

"Ka san yarjejeniya. Ƙwaya ɗaya ba ta fita sai masu tallafi sun sa hannu. Zan rubuta musu."

Ta rubuta har sau uku. Ashe sashen da zai amsa an riga an rufe shi.

Aka kashe na'ura. Duk farkon wata sai ya jera ƙwaya goma a jiƙaƙƙiyar takarda, ya ga nawa za su tsiro. Ya fi damuwa da lamba tamanin da takwas, wata gajeriyar jar dawa mai jure fari. Wata tsohuwa ce ta kwance ta daga haɓar ɗankwalinta ta zuba masa a tafi, ta ce kada dawar ta mutu a hannunsa. Watan farko bakwai suka tsiro, wata na uku biyar.

Yayarsa tana da gona a bayan gari. Da ya kai mata kuka, ko waken da take tsinta ba ta ajiye ba.

"Ga gona, ga mabuɗi a aljihunka. Me ya rage?"

"Yaya, amana ce. Na sa hannu."

"Ita tsohuwar fa, ba amana ta ba ka ba?"

"Ɗaukar abin da ba naka ba sata ce."

"To zauna gadin gawa. Baba ya sha faɗa, kai ko gobara ta tashi sai ka nemi takardar fita."

Akwai abin da bai gaya mata ba. Shekarun baya ya kama wani leburan cibiyar da damƙin iri a aljihu, ya kai ƙararsa, aka kore shi. Mutumin 'ya'ya shida gare shi. In yau ɗaukar irin daidai ce, to ranar nan me ya aikata? In kuma duk mai mabuɗi zai yanke wa kansa hukunci, wane rumbu ne zai kwana da hatsi? Yana wannan saƙa da warwara damina ta zo ta wuce.

Da hadarin wata daminar ya fara haɗuwa, gwajinsa ya ba shi ƙwaya ɗaya cikin goma. Ranar ya zuba ambulan duka a kwali biyu, da tsakar rana, ya nufi ƙofa. Maigadi ya taso da sauri.

"Haba Sarkin Sanyi, da girmanka? Kawo in kama maka."

Har kan babur ya ɗaure masa. Ba wanda ya tambaye shi komai, ranar ko bayanta.

Shi da Yaya suka ja layi ɗari biyu da sha biyu, kowane da turke mai lamba. Ruwa ya sauka yadda ake so. Bayan kwana goma, layi arba'in da 'yan kai suka nuna kore, jefi-jefi. Ya wuce su ya tsuguna a layi na tamanin da takwas, ya tona da yatsa. Ƙwayar na nan inda ya sa ta, ta kumbura ta yi laushi. Da ya matsa sai ta narke. Ya tona rami na gaba, da na gaba.

Yaya ta zo ta tsaya a kansa da fartanya a kafaɗa. Yau ba ta yi masa gori ba.

"Ƙanena, ƙasa ba ta zama haka nan. In zuba wake a layin?"

Ya goge yatsansa a gefen wando.

"Bari mu ga Juma'a," ya ce.